Dokar Kulle a Ɗakin Tamfol: Abin da Matakan Korona Suka Yi wa 'Yan Gudun Hijirar Yankin Tafkin Chadi

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris 2020, saƙon da aka riƙa maimaitawa a rediyo bai wuce abu huɗu ba: a yawaita wanke hannu da sabulu, a ba da tazara, a zauna a gida, wanda ya ji zazzaɓi ko tari ya killace kansa. Shawara ce mai kyau, kuma ta ceci rayuka. Sai dai an yanka ta ne daidai wuyan mutumin da ke da ɗaki mai ƙofa, da famfo a tsakar gida, da ɗan abin da zai ci na mako biyu ko bai fita ba. Wanda yaƙi ya kora daga Baga ko Gwoza ko Damasak ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Mutanen da ake magana a kansu suna warwatse a ƙasashe huɗu. Akwai na sansanin Minawao kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, wanda aka buɗe a 2013. Akwai na Sayam Forage a jihar Diffa ta Nijar, da ɗimbin waɗanda suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta ta jihar ba tare da sun shiga sansani ba. Akwai na Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi. Sannan ga waɗanda ba su tsallaka iyaka ba, suna Maiduguri da Monguno da Ngala da Bama da Pulka. A doka, wanda ya tsallaka iyaka daban yake da wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, kowane da yarjejeniyar da ke kare shi. A layin famfo kuwa halinsu ɗaya ne, kuma Hausa ta haɗa su da suna ɗaya.

An ji tsoron cutar za ta yi musu kisan kiyashi. Alƙaluman da aka fitar ba su nuna hakan ba, duk da cewa gwajin da aka yi a sansanonin kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancin mazaunansu yara ne da matasa, waɗanda cutar ba ta cika kayarwa ba. Abin da ya shiga kowace bukka ba tare da ya bar ko ɗaya ba shi ne matakan kariyar, domin kowane mataki yana da farashi, kuma da ruwa da hatsi da kuɗin cefane aka biya shi.

Lissafin ruwa

Ƙungiyoyin agaji suna aiki da ma'aunin da ake kira Sphere. A ma'aunin nan, mafi ƙarancin ruwan da mutum ɗaya zai samu a rana lita 15 ne, na sha da girki da wanka da wanki duka. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, tana neman lita 20 a sansanin da ya zauna. Famfo ɗaya na mutum 250 ne, idan yana zubar da lita bakwai da rabi a minti. Tuƙa-tuƙa ɗaya na mutum 500 ne.

A yi lissafi. Mutum 250, kowa lita 15, lita 3,750 ke nan. Famfon da ke ba da lita bakwai da rabi a minti zai yi minti 500 kafin ya fitar da wannan ruwa, wato fiye da awa takwas yana zuba ba tsayawa. Tun kafin annoba, ranar famfon a cike take. Yanzu a ce kowa ya wanke hannu sau goma a rana, a ce kowane wanki da buta ya ci rabin lita. Ƙarin lita biyar ke nan ga mutum ɗaya, lita 30 ga gida mai mutum shida, fiye da jarka guda. A kan famfo, ƙarin ya kusa awa uku. Kuma dokar ta zo ne a Maris da Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan ƙasa ya ja baya, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana tana tsayawa da faɗuwar rana, ba za a ce mata ta ƙara awa uku da dare ba sai an kawo janareta da man da zai sha, ko an ƙara girman tanki.

Don haka umarnin wanke hannu, idan ba a ƙara ruwa ba, umarni ne na ƙara zama a layi, kuma layin famfo shi ne taro mafi girma a sansani. Mata da 'yan mata ne ke wannan zama. Da asuba za ka tarar da jarkoki rawaya a jere, an ɗaura wa kowace tsumma ko an yi mata alama da fenti, masu su suna zaune a inuwa ɗaya suna gadi kada wata ta tsallake layi. An zana da'ira da farar ƙasa ko toka a wasu wurare, kowace da tazararta. Mutum 100 da tazarar mita biyu layin mita 200 ne, kuma wadda ke ƙarshensa ba ta ganin abin da ke faruwa a bakin famfo. Shi ya sa da'irar ba ta daɗewa. Abin da ya fi aiki shi ne raba lokaci unguwa-unguwa, a ba kowane ɓangare awanninsa, bulama ko shugabar mata ta tsaya a kai, sannan a raba ƙarin jarkoki domin a rage yawan zuwa.

Bokitan wanke hannu masu ƙaramin famfo da aka jera a ƙofar sansani da bakin banɗaki su ma suna da nasu ciwon. Sayensu ba wuya. Wuyar ita ce wanda zai cika su sau uku a rana, da wanda zai biya shi. Sabulun da aka ajiye a kai ba ya kwana, kuma ba abin zargi ba ne, tunda ma'aunin sabulun wanka giram 250 ne ga mutum a wata, na wanki giram 200, ba kuma kullum ake samunsa cikakke ba. Mafita biyu aka fi bi. Ɗaya ruwan omo: giram 30 na garin sabulu a gorar lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a rataye. Ba wanda zai ɗauke shi, kuma yana wanke hannu sarai. Ɗaya kuma ruwan kilorin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100, wato babban cokali ɗaya na garin kilorin mai ƙarfin kashi 70 a lita 20 na ruwa. Wannan dole a haɗa sabo kullum, a rufe, a kawar da shi daga rana, domin zafi yana kashe ƙarfinsa. Inda aka yi kuskure aka zuba cokali goma, wanda shi ne haɗin wanke jini da amai a ƙasa, hannu yana tsagewa, mutane su ƙaurace wa bokitin gaba ɗaya.

Tazara a ɗakin da bai kai tazarar ba

Ma'aunin Sphere ya ba mutum ɗaya murabba'in mita uku da rabi a ƙarƙashin rufi. Mita biyu sau mita biyu murabba'in mita huɗu ne. Ke nan ko a sansanin da ya cika ƙa'ida, wurin kwanan mutum bai kai tazarar da aka ce ya ba ɗan'uwansa ba. Da yawa daga sansanonin Borno ba su ma kusanci ƙa'idar ba, saboda an kewaye garuruwan da rami don tsaro, ba a yarda a gina bukka a bayan ramin ba, sababbin zuwa kuma ba su daina zuwa ba. Gobarar da ta tashi a wani sansani a Ngala a Afrilun 2020, ta kashe mutum 14, ta nuna yadda bukkokin ke manne da juna. Banɗaki ɗaya na mutum 20 ne a ƙa'ida, a farkon gaggawa har 50. Wanda aka ce ya killace kansa kwana 14 zai shiga wannan banɗakin ne tare da kowa.

Masana sun kawo shawarar a juya abin: maimakon raba kowa da kowa, a ware tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini ko tarin fuka a ɗaki ɗaya ko ɓangare ɗaya, a rage masu shiga wurinsu. A takarda dabara ce mai ma'ana. A aikace, kakar da ake so a ware ita ce ke riƙe da jikoki marayu, ita ke goyon jariri idan uwar ta tafi itace. Ba a raba ta da yaran sai an samo wanda zai maye gurbinta.

Rabon abinci

Rabo taro ne, don haka aka sake masa tsari. An ƙara yawan kwanakin rabo domin a rage mutane a rana ɗaya, an ce mutum ɗaya ya zo a madadin gida, an riƙa ɗaure kason kowane gida tun kafin a zo maimakon a auna a gabansa, an dakatar da dangwala yatsa a kan na'ura a wurare da dama saboda kowa yana taɓa gilashi ɗaya. A wurare da yawa kuma an haɗa rabon wata biyu a ba da shi lokaci ɗaya.

Wannan na ƙarshe ya fi kowanne shiga rayuwar gida. Cikakken kaso ana gina shi ne a kan kalori 2,100 a rana, wanda galibi hatsi ne kimanin giram 400, da wake, da ɗan mai, da gishiri. Gida mai mutum shida zai karɓi hatsi kilo 72 a wata, kilo 144 a wata biyu, kusan buhu uku masu kilo 50. Mace ɗaya ba za ta ɗauka ba, sai ta biya mai baro, kuma sau da yawa da kwanon hatsi take biya. Ta kai gida, ina za ta ajiye? Ɗakin tamfol ba shi da rumbu ba shi da kwaɗo. Ƙasa tana jiƙa idan damina ta sauka, ɓera yana shiga, ƙwaro yana cin wake. Mai shagon da ke binta bashi ya san ranar rabo, maƙwabciyar da ba ta da kati ita ma ta sani, kuma ba a hana maƙwabci.

Sannan kason ba ya ɗauke da kuɗin niƙa, ko itace, ko kuka da daddawa da barkono, ko magani. Dole a sayar da wani abu daga ciki. Idan gidaje dubu suka fito da hatsi iri ɗaya a mako ɗaya, farashinsa yana faɗuwa, 'yan kasuwa su saye da arha. Bayan mako shida, lokacin da tukunya ta fara kwana ba wuta, sai a dawo a sayi hatsin nan da tsada. Rabon wata biyu ya rage cunkoso, gaskiya ne, amma ya tsawaita kwanakin yunwa na ƙarshen zango. Inda ake ba da kuɗi ko katin sayayya maimakon hatsi, matsalar ta zo ta wata ƙofa: adadin kuɗin yana nan yadda aka yanka shi, farashin mudu kuwa ya tashi saboda motoci ba sa shigowa. Idan ba a sake duba farashin kasuwa duk wata an daidaita kuɗin ba, an rage kason ke nan ba tare da an sanar ba.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su. Rajista aiki ne na fuska da fuska, da hoto da yatsa da tambayoyi. Da aka rage ma'aikata aka takaita haɗuwa, rajistar sababbin zuwa da ta jariran da aka haifa ta yi jinkiri. Wanda ba ya cikin rajista ba shi da kati, wanda ba shi da kati yana ci ne daga kwanon wani.

Ƙofar da aka rufe

Babban kuskuren da mutanen gari ke yi shi ne zaton ɗan gudun hijira yana zaune ne ana ciyar da shi. Kusan kowane gida yana da abin da yake fita nema. Maza suna dako a kasuwa, suna leburanci a wurin gini, suna ga-ruwa, suna ƙwadago a gonakin mutane. Mata suna itace, suna wankau da aikatau a gidajen gari, suna suyar ƙosai da awara. A Maiduguri a lokacin, ɗinkin hula sana'a ce babba a sansanoni: hula ɗaya tana cin makonni ana zaune a kanta da allura, kuma kasuwarta tana tashi ne gab da salla. Duk waɗannan sana'o'i ne na a fita yau a ci yau.

A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Borno ta hana baƙi shiga sansanoni. A Afrilu aka tabbatar da cutar a jihar, a jikin wani ma'aikacin jinya da ke aikin agaji a Pulka, wanda ya rasu a Maiduguri, bayan 'yan kwanaki aka sa dokar kulle. Daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni an hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya. Nijar da Kamaru da Chadi duk sun rufe iyakokinsu a Maris. Hular da aka gama ba ta kai Kano ba, dillalin da ke zuwa saye bai zo ba, matar gidan da ake yi wa aikatau ta ce a dakata tukuna. Ɗan'uwan da ke Legas ko Abuja yana ɗan turo wani abu shi ma an kulle shi tun 30 ga Maris.

Abin da ya sa wannan ya fi zafi a yankin Tafkin Chadi shi ne an ɗora shi ne a kan wasu dokokin da suka riga shi. A lokacin jihar Diffa tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, an hana hawa babur, an daɗe ana takura kamun kifi da cinikin tattasai, waɗanda su ne ƙashin bayan arzikin yankin. A Maiduguri an hana acaba tun 2011, kuma fita gona ko daji tana da iyakar da sojoji suka yanka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Mutumin da dama da ƙafa ɗaya yake tsaye, korona ta zo ta taɓa wannan ƙafar. Lokacin ma bai yi daɗi ba: Afrilu da Mayu ne watannin sharar gona da neman iri, wanda ya rasa su ya shiga damina hannu wofi.

Itace ya cancanci a tsaya a kansa. Hatsin rabo ɗanye ne, wake kuma yana cin wuta. Idan an rufe ƙofa ba a kawo gawayi ko wani makamashi ba, mace za ta fita ko ta halin ƙaƙa, ta bayan shinge, da duku-duku, ita kaɗai maimakon cikin ayari. Nan ne haɗarin fyaɗe da sacewa da cin zarafin masu gadi yake ƙaruwa. Duk dokar da ta hana fita ba ta tanadi abin hura wuta ba, ta tura mata daji ne ta hanyar da ta fi muni.

A Nijar an ga wani abu mai kyau: hukumar UNHCR ta sa 'yan gudun hijira haɗa sabulu da ɗinka takunkumi ana biyansu. Kayan kariya ya samu a kusa, kuɗin kuma ya tsaya a hannun waɗanda sana'arsu ta mutu.

Asibitin da aka riƙa gudu

A ƙofar ɗakin shan magani aka tsayar da mai na'urar auna zafin jiki. Wanda jikinsa ya yi zafi a ware shi gefe. Matsalar ita ce a yankin nan zazzaɓi, musamman da damina, zazzaɓin cizon sauro ne kafin komai. Uwa ta ji labarin cewa wanda aka samu da zafi ana tafiya da shi wurin killacewa, ba a barin kowa ya gan shi, idan ya mutu ba a ba da gawa. Tana da wasu yara huɗu a ɗaki. Sai ta sayi farasitamol a kemis ta zauna, ba ta kawo yaron ba sai ya fara suma ko jininsa ya ƙare. Mutanen da suka ga an tafi da 'yan'uwansu da sunan binciken tsaro a lokacin yaƙi ba su dawo ba, ba za a ga laifinsu ba idan suka ji tsoron motar da ta zo ɗaukar mutum.

Gwaji ma ya ƙara tsawon zaman. A farkon annobar, samfurin Nijar Yamai ake kai shi, kuma daga Diffa zuwa Yamai fiye da kilomita 1,300 ne. Duk kwanan da sakamako ya ƙara a hanya, kwana ne da mai gida ke killace ba ya nemo komai. Wurin killacewar da ya yi nasara shi ne wanda aka gina shi inda dangi za su tsaya daga nesa su ga majinyaci su yi magana da shi, aka ba iyalinsa abinci na kwanakin, aka kuma bar malamai suka ga yadda ake wanka da sallar gawa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana binne mamaci bisa addininsa ba, abin da ta nema shi ne mai wankan ya sa kariya, dangi kada su taɓa gawar. An rikita wannan da dokokin Ebola a zukatan mutane, kuma ba a yi saurin warware rikicin ba.

Sauran ayyukan lafiya sun ja baya. An dakatar da zagayen riga-kafin shan inna gida-gida a Maris 2020, an ɗage na ƙyanda a ƙasashe da yawa, mata sun rage zuwa awo. A sansani mai cunkoso ƙyanda ta fi korona kisan yara nesa ba kusa ba. Amma an koyi darasi a wasu fannoni. A aikin tamowa, maimakon tara iyaye mata duk mako, an koya musu auna damtsen yaro da kansu da ɗan tef mai launi uku: ja idan bai kai santimita 11.5 ba, rawaya zuwa 12.5, kore daga nan sama. An kuma ba da abincin gyaɗar nan na leda na mako biyu ko fiye a zuwa ɗaya. Illarsa ita ce idan gida ba abinci, yayyen yaron za su ci tare da shi, don haka dole a haɗa shi da kason gida. Maganin riga-kafin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar shi ma ba a dakatar da shi ba a 2020, sai aka sauya hanya: ma'aikaci ya tsaya daga nesa, ya miƙa wa uwa, ita ta ba ɗanta yana kallo.

Iyaka

A lokacin da annobar ta kai ƙololuwa, ƙasashe fiye da 160 sun rufe iyakokinsu, 99 daga ciki ba su ware masu neman mafaka ba. Harbi kuwa bai tsaya ba. A Afrilun 2020 kaɗai, kimanin mutum 23,000 suka tsere daga hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shiga Nijar, kuma Nijar ta bar su suka shiga duk da iyakarta a rufe take. Wannan ya nuna ana iya haɗa biyun: a karɓi mutum, a auna shi, a ba shi wurin zama na kwanakin killacewa da ruwa da abinci. Inda aka rufe ƙofar hukuma ruf, mutane ba sa fasa zuwa, ta daji suke bi, su shiga ƙauye ba wanda ya auna su, wato an rasa tsaron lafiyar da aka rufe iyakar dominsa.

A ɗaya gefen, ranar 17 ga Maris 2020 aka sanar da dakatar da jigilar 'yan gudun hijirar da wata ƙasa ta daban ta amince ta karɓa ta tsugunar, har zuwa Yuni. A 2019 mutum 107,800 aka sake tsugunarwa a duniya, a 2020 adadin ya faɗo zuwa 34,400. Cikin waɗanda suka maƙale har da mutanen da aka kwaso daga wuraren tsare mutane a Libiya aka ajiye a Hamdallaye kusa da Yamai. Takardar gwajin lafiya da biza suna da wa'adi, idan ya wuce sai a sake daga farko.

Makaranta a sansani ta wuce wurin karatu. Nan yaro ke samun abinci a inda ake dafawa, nan malami ke lura da yarinyar da ta daina zuwa. Darasin rediyo da aka koma yana buƙatar rediyo da batir da wanda zai zaunar da yaro. Wanda ya fara tura baro, da wadda aka ɗaura wa aure a watannin nan, da wuya su koma aji. Ɗakunan da mata ke taruwa suna ɗinki, inda wadda ake duka a gida ke samun damar raɗa wa ma'aikaciya, an rufe su ko an rage su, aka ba da lambar waya. Wayar sau da yawa tana aljihun mijin, shi kuma dokar kulle ta zaunar da shi a ɗakin. Rufe masallatai a Nijar, wanda ya jawo tarzoma a wasu garuruwa kafin a buɗe su a watan Mayu, ya toshe babbar hanyar isar da saƙo. A sansanin da ake jin Kanuri da Shuwa da Fulfulde da Mafa da Glavda, takardar da aka manna da Turanci ko Faransanci, kai ko da Hausa, ba ta kai inda bakin liman ko na ungozoma yake kaiwa.

Allurar riga-kafin korona ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021 ta COVAX, shirin raba allurar ga ƙasashen duniya, kusan miliyan huɗu a zuwan farko. An sa 'yan gudun hijira a tsarin ƙasashen yankin, amma rajista ta intanet da neman katin shaida da nisan wurin allura sun tsaya a gabansu, ga tsohon zargi da bai gama warkewa ba tun gwajin maganin Trovan da wani kamfanin magani ya yi a kan yara a Kano a 1996 da ƙauracewar allurar shan inna ta 2003. A Disambar 2021 Najeriya ta lalata allurai fiye da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare, domin sun iso ne saura 'yan makonni su lalace, garin da sai da jirgi mai saukar ungulu ko rakiyar soja ake shigarsa kuwa ba a kai masa allura cikin gaggawa.

A shekarar nan ta 2021 kwalara ta ɓarke a Najeriya. An samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka mutu, adadin da ya haura dukkan mutuwar korona da hukuma ta ƙirga a ƙasar. Ta shiga Borno da Yobe da Adamawa, ta shiga Nijar. Abin da ke tare ta shi ne abin da aka yi ta magana a kai shekara guda kafin nan: isasshen ruwa mai kilorin da ya kai rabin miligiram a kowace lita a bakin famfo, sabulu, da banɗakin da ake kwashewa kafin ya cika. Kuɗin gaggawa na 'yan watanni ne, yana sayen bokiti da fosta cikin sauri, amma haƙa sabuwar rijiya, da albashin mai gyaran famfo, da motar kwasar masai duk wata, suna buƙatar kasafin da ya wuce wa'adin annoba ɗaya.